Yaya Ta Saya Min Firij

"Yana da ƙara," na ce.

"Ƙarar me? Kasa kunne da kyau. Ƙudan da ke kan labulen can ya fi shi surutu."

"To robar ƙofar ba ta kamawa."

Yaya ta buɗe ƙofar ta rufe, ta sake buɗewa ta rufe. Kowane karo sai ta ce ɗaf. Ta juyo ta kama ƙugu, mayafinta ya zame ta bar shi a kafaɗa.

"Auta, dube ni. Tun safe mijina yake kan rufin gidan nan yana ɗaura farantan sola, rana ta gasa masa ƙeya. Batir sabo, firij sabo fil a leda. Ko shekara aka yi ba a kawo wuta ba, babu ruwanka. A ce an gode ya gagara?"

"An gode."

"Ji wata godiya, kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa."

Umma tana zaune kan darduma tana ninke wanki, ko kai ba ta ɗaga ba. "Ƙyale shi. Haka ya zo duniya. Sai da ungozoma ta ɗaka masa duka sau biyu kafin ya yarda ya yi kuka."

Firijin yana tsaye a kusurwar falo, kusa da kujerar da ba mai zama a kai sai baƙo. Fari tas, tsayinsa bai wuce ƙuguna ba. A goshinsa akwai ɗan gilashi mai nuna lamba da koren haske. Huɗu. Tun da aka kunna shi nake harararsa ko zai motsa. Ya ƙi.

Masu karatu, kafin ku ce min butulu, ku tsaya ku ji.

Ina da ciwo. Sunansa a bakin likita dogo ne, soriyasis mai taɓa gaɓoɓi. A jikina kuwa ga yadda yake. Fata ta yi ja ta yi kauri a gwiwar hannu da bayan kunne da cikin gashi, ta yi farin ɓawo yana zuba kamar dusa. Farce ya yi ramuka. Yatsa ɗaya ya kumbura tun daga tushe har baki, ya ƙi lanƙwasuwa. Da safe in na taka dunduniya sai ka ce a kan ƙusa. Ba makero ba ne, ba ƙazuwa ba, kuma ba a ɗauka. Na faɗa har na gaji. Sai na koma riga mai dogon hannu, ko da ana zafin da kaza ke buɗe baki.

Ga shi gyaran waya nake yi, tun da na gama sakandare. Ku ƙiyasta mai kumburarren yatsa yana farautar notin da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Allura ce ta mayar da ni mutum. Kamar ƙaton biro take, ni nake yi wa kaina a cinya duk bayan mako biyu. Sai dai 'yar gata ce. Tana son sanyi, ba ta son ƙanƙara. Digiri biyu zuwa takwas. Ba a sa ta a jikin ƙofar firij, ba a manna ta da bangon baya, ba a raba ta da kwalinta don haske, ba a girgiza ta. Ko ƙanwar miji ba ta kai ta fi'ili ba.

Tsohon firijin gidanmu kuwa ya girme ni. Sama ƙanƙara, ƙasa ɗumi, tsakiya sai yadda ya tashi. Kwalin farko da na karɓo, Umma ta ɗauke shi daga tsakiya ta kai shi can sama, wajen da ake daskarar da nama, wai a nan sanyi ya fi albarka. Don ƙauna ta yi. Washegari na tarar da alluran kamar sandunan ƙarfe. Mai ba da magani a asibiti ta ce wadda ta daskare ta mutu, ko ta narke ba ta dawowa. Kafin in samu wasu, tafiya nake kamar tsohon da aka ɓoye wa sanda.

A cikin wannan halin Mai Kek ta shigo shagonmu.

Shagonta yana layinmu, bayan mai aski. Wayarta ce ta faɗa cikin kwaɓin kek. Ta miƙo min ita a cikin leda tana ƙanshin man shanu, ta ce, "Malam, in ba za ta gyaru ba ka faɗa min in gasa ta." Ta tsaya tana kallon yadda nake kokawa da noti. Ba ta kawar da kai ba, ba ta kuma yi fuskar tausayi ba. Ta ce, "Me ya samu hannun?" Ni da ba na faɗa wa kowa, na faɗa mata. Har da labarin firij.

Tana da firij a ɗakin baya na man shanu da kirim, mai lamba a goshi, mai batir. Ta ware min tsakiyar hawa na biyu. Ta sa kwalayena cikin roba mai murfi.

Saura sharaɗi ɗaya, kuma shi ne tushen zancen. Ba a yin allurar da sanyinta. Sai a fitar a ajiye, sanyin ya fita da kansa, kamar rabin awa. Ba ruwan zafi, ba rana, ba murzawa a tafin hannu. Rabin awa kenan duk bayan mako biyu ina zaune kan doguwar kujerar shagonta, ita tana zana fure a kan kek tana ba ni labari, ni ina cewa "uhm". Ta sa min suna Malam Shiru. Ta kan ba ni gefen kek da aka yanke, wai in ɗanɗana in faɗi ra'ayina. Ra'ayina kullum ɗaya ne. Ya yi.

Wannan rabin awar ce Yaya ta zo ta kashe da farin firij.

Ina tsaye ina neman wani aibun, wayata ta yi ƙara a kan hannun kujera. Yaya ta fi ni kusa, ta fi ni saurin hannu. Ta ɗauka ta karanta da ƙarfi.

"Saƙo daga... Firij." Ta ɗago. Ta dubi na kusurwa, ta dube ni. "Umma, kin ji ikon Allah. Ba a yi awa da kunna shi ba har ya iya rubutu."

"Ba ni wayata."

Ta ɗaga ta sama. "‘Malam Shiru, yau ranarka ce. In fitar maka ita tun yanzu ko sai ka zo?’ Har da ɗan hoton allura da fuska mai dariya." Ta ja yatsa sama tana duba na baya. "Wancan karon ma ta tambaya. Ka ce, ‘Sai na zo.’ Na gabansa, ‘Sai na zo.’ Kai, Auta! Yarinya ta ce za ta fitar ka iske ta a shirye, ka caka ka wuce aikinka, kai kuma ka ce a'a?"

"Ana iya mantawa da ita a waje."

"Ita ce za ta manta? Wadda ke tuna maka ranar?"

Kunnena ya ɗau zafi.

Umma ta ajiye zanen da ke hannunta. "Wace ce Firij?"

"Mai kek ɗin layinsu, Umma. Mai dimful a kumatu. Wadda ta yi mana na sunan ƙaramina, ta ƙi barin in biya kuɗin kawowa da ta ji ni yayar wane ce." Yaya ta zauna a kujerar baƙi ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Kana zaton don Allah kawai na sa mijina hawa rufi? Don Allah ne, amma da biyu. Na gaji da ganin ƙanina yana zuwa wajen budurwa da sunan allura. Yau na toshe ramin. In kana son zuwa, ka je da bakinka."

"Ba budurwata ba ce."

"Shi ne ai matsalar. Akwai wani mai farar mota da nake gani a ƙofar shagon. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Kai naka ma a bari ya yi ɗumi ne."

Umma ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Na ja hannun rigata ya rufe wuyan hannu. Na ce, "Yaya, wa zai so ya riƙa share ɓawon mutum a kan matashi har abada?"

Sai Umma ta ɗauki wata riga ta kakkaɓe.

"Babanku minshari yake yi kamar injin niƙa," ta ce. "Shekara nawa na yi ina ji? Ranar da ya daina, barci ya gagare ni. Kai dai je ka ɗauko maganinka."

Yaya ta riga ta shirya komai, muguwa. 'Yar kula shuɗiya mai igiya, da robar ƙanƙara naɗe cikin tawul don kar ta taɓa kwalin. Ta rataya min a kafaɗa kamar mai tura yaro makaranta.

"Canza riga," ta ce. "Wannan ta yi kama da ta mai zuwa biyan tara."

Na sa ruwan toka mai ƙananan maɓallai. Maɓallan suka ba ni wuya, yatsan tsakiya ya tashi da fushi yau. Na shafa mai a bayan kunne, na kakkaɓe kafaɗa, na sake kakkaɓewa. A bakin ƙofa na rubuta mata: "Sai na zo."

Ta amsa nan take: "Na sani ai."

Tun daga shagon mai aski na ji turaren. Farar motar tana ƙofa. Mai ita yana ciki, ya jingina da kanta, shadda ruwan madara tana ɗaukar ido, agogo ya cika wuyan hannu, makullin mota yana juyawa a yatsa. Yatsu lafiyayyu, dogaye. Na lura da su kafin in lura da fuskarsa. Ni Mai Turare nake kiransa. Duk mako yakan sayi kek guda cur. Mai aski ya rantse min masu gadin layin ne suke cinyewa, don mutumin ba ya shan zaƙi.

Wato shi ma da irin tasa allurar.

Mai Kek tana bayan kanta, doguwar riga kore mai ɗigon fari, ta ɗaura rigar aiki a kai, ɗankwali baƙi an ɗaure shi baya, fulawa a gira ɗaya. Da ta gan ni ta ɗaga cokalin da ke hannunta.

"Malam Shiru! Ka makara. Har na fara tunanin ka samu wani firijin."

Na yi tuntuɓe da dakalin ƙofa.

Ta shiga ɗakin baya ta fito da kwali ɗaya, ta zaro allurar ta kwantar da ita kan faranti mai tsabta a ƙarshen kanta, inda rana ba ta kaiwa. Mai Turare ya ja da baya kaɗan.

"Wannan fa? Allura a shagon kek?"

"Ta abokina ce."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Idonsa ya tsaya a bayan kunnena. Na san irin kallon, na haddace shi. "Allah ya sawwaƙe. Ba dai ana ɗauka ba?"

"Ana ɗauka mana," ta ce tana naɗe masa kwalin kek da zare. "Shirun. Ni tun da yake zuwa nake fatan in ɗauka, Babana ya huta da surutuna. Har yau shiru."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya karɓi kek ɗin, ya tsaya a ƙofa, ya ɗan rage murya amma ba yadda zan kasa ji ba. "Ranar Asabar zan zo da yayata ku gaisa. Ta matsa tana son ganinki. Ina fata ba damuwa."

"Shago a buɗe yake," ta ce.

Motar ta tashi. Turaren ya zauna.

Na zauna kan doguwar kujera, kular a kan cinyata. Ta dawo kan kek ɗin da take wa ado, mai hawa biyu, tana matso farin kirim yana fitowa fure fure. Ta fara ba ni labarin matar da ta ce a rubuta sunan mijinta a kan kek, ta dawo bayan awa ɗaya ta ce a goge, sun yi faɗa a waya. Na ce, "Uhm." Ta miƙo min gefen kek a kan takarda. Na ci. Ban ji ɗanɗanonsa ba.

"Ya ka ji shi?"

"Ya yi."

"Wata rana zan zuba gishiri in ga ko za ka canza magana." Ta nuna cinyata da haɓa. "Wannan kular fa? Tafiya za ka yi?"

Na shirya ƙarya tun daga gida. Zan ce sabon firijin yana daskarewa, a bar su a nan tukuna. Ƙarya mai kyau, mai ƙafafu. Na buɗe baki, sai ta juyo ta dube ni da fulawa a gira, ƙaryar ta gudu ta bar ni.

"Yaya ta saya min firij."

Hannunta ya tsaya. Furen da take yi ya yi ƙato, ya zube gefe.

"Mai lamba?"

"Mai lamba."

"Nawa yake nunawa?"

"Huɗu."

"In aka ɗauke wuta fa?"

"Sola."

"Uhm," ta ce.

Ita ce ta ce uhm. Ban taɓa ji ba.

Ta ɗauki wuƙa ta kwashe furen da ya lalace, ta goge wuƙar a tsumma, ta daɗe tana gogewa. Can ta ce, "To ai alhamdulillahi. Allah ya saka wa Yaya. Ka huta da zirga-zirga." Ta karɓi kular ta shiga ɗakin baya. Ina jin ta tana buɗe roba. Ta fito tana jera kwalayen a tsaye, ta gyara tawul ɗin tsakaninsu da ƙanƙara, ta danna da yatsa ta tabbatar ba inda suka haɗu. "Kar ka biya ko'ina. Kar ka ajiye ta a rana ka tsaya gaisawa da mai aski. Ko da yake kai da gaisuwa, wa ya isa. In ka je, tsakiya. Ka ja wa Umma kunne, cikin ladabi."

"To."

Ta taɓa allurar da bayan yatsa. "Sanyin ya fita."

Na ɗauka na ɗaga ta wajen haske. Ruwan garau, ba gajimare, ba ɓurɓushi. Na duba kwanan wata. Na wanke hannu a famfon kusurwa, na nufi ɗakin baya kamar kullum. A bakin labule na kama murfin zan cire. Yatsan ya ƙi. Na sake kamawa. Zafi ya harba har gwiwar hannu. Na juya baya don kar ta gani, na gwada da hagu.

"Kawo."

"Zan iya."

"Na san za ka iya. Zuwa gobe. Kawo."

Ta wanke hannu, ta karɓa, ta zare murfin tsaf ba ta taɓa bakin ba, ta mayar min a tafin hannu. Garin miƙa hannu, hannun rigata ya ja baya. Jan tabon ya fito, da farin ɓawonsa, ga farcen nan mai ramuka. Na yi sauri zan ja rigar.

"Bar wahalar da kanka," ta ce. "Tun ranar wayata na gani. Kai kaɗai ne a layin nan kake zaton ka ɓoye."

Na shige bayan labule. Na goge cinya da auduga, na dafa allurar, na danna. Ƙas. Na jira har ta gama. Yau ko zafinta ban ji ba. Na jefa ta cikin roba mai kauri da ta ajiye min can saman kabad, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Da na fito tana tsaye tsakiyar shago, ta cire rigar aiki, kular tana hannunta. Ta miƙo. Na kama igiyar. Ba ta saki ba.

"Robar tsofaffin alluran can ma ka tafi da ita," ta ce. "Ko ka bar ta. In ta cika ai sai an kai asibiti."

"Zan dawo in ɗauka."

"Yaushe?"

Na dubi igiyar. Hannunta a gefe ɗaya, nawa a ɗaya, nata da kirim a babban yatsa.

"Kullum sai na tambaye ka ko in fitar tun kafin ka zo," ta ce, murya ƙasa ƙasa. "Da ka taɓa cewa e, da na zuba maka gishirin nan tuni."

Maganganu sun cika min baki, masu karatu, wallahi sun cika. Sun taru a maƙogwaro suna ture juna kamar fasinjoji a ƙofar mota, ba wanda ya samu fita. A aljihuna waya tana ta rawa, na san Yaya ce. A waje mai aski ya daina aski, ya leƙo da almakashi a hannu.

Ta ɗan ja igiyar wajenta, dimful ɗin ya fito ya koma.

"Allurarka dai ta samu gida, Malam Shiru. Ni fa, ranar Asabar me zan ce musu?"